Filin Tambaya da Amsa: Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara Can Cikin Tsaunukan Atlas

Wasiƙun da muka ware a wannan fitowa duk sun taɓo wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a tsaunukan da ke nesa da gari, inda babu hanyar mota, babu masu tsaro, babu kuma wanda ya gyara wa mutum wurin da zai bi. Abin baƙo ne ga mazaunin Zariya, amma 'ya'yanmu da ke karatu a waje sun fara shiga cikinsa, saboda haka ya cancanci a amsa shi da natsuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana karatu a Marakesh ta ƙasar Maroko. Ya bugo waya yana neman izinin bin abokan karatunsa zuwa tsaunukan Atlas a watan Fabrairu domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma ya ce ba filin da aka tanada za su je ba, can cikin duwatsu ne. Bara ya ɗan koyi wasan a wani wuri da ya kira Ukaimeden. Ni ban san kan abin ba, mahaifiyarsa kuma hankalinta ya tashi. In bar shi ko in hana shi? Daga wani uba a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron ya kyauta da ya nemi izini, kai ma ka kyauta da ka nemi bayani kafin ka yanke hukunci. Abin da ya koya bara da abin da yake son yi bana ba ɗaya ba ne, ko da yake allunan da ake ɗaurawa a ƙafa sun yi kama. Ukaimeden fili ne da aka tanada a tsayin kimanin mita 2,600 daga saman teku; mota tana kaiwa har bakinsa, an kafa kujerun da waya ke ja zuwa sama, akwai jama'a, kuma idan mutum ya faɗi ya karye ba za a jima ba a ɗauke shi. Wanda ya bar irin wannan fili ya nausa cikin duwatsu kuwa, da ƙafarsa zai hau, shi zai zaɓi hanya, shi zai duba ko gangaren da ke gabansa zai riƙe shi, kuma idan tsautsayi ya faɗa, abokan tafiyarsa ne kaɗai masu ceto.

Yawancin masu wannan tafiya daga Marakesh ƙauyen Imlil suke nufa, mai nisan kimanin kilomita 65, a tsayin da ya kusa mita 1,800. Daga nan ake ɗora kaya da allunan zamiya a kan alfadarai, a bi kwari a wuce ƙauyen Arumd, a wuce Sidi Shamharush, wani babban dutse da aka shafa wa farin fenti wanda mutanen yankin ke ziyarta suna danganta shi da sarkin aljanu, har a kai inda dusar ta yi zurfin da alfadari ba ya iya takawa. Daga nan 'yan dako ko masu kayan da kansu ne za su ɗauka. Bayan tafiyar awa 5 zuwa 6 ake isa masaukan da aka gina da dutse a kimanin mita 3,200, kuma a samansu Tubkal yake, mai mita 4,167, wanda babu tsaunin da ya kai shi a arewacin Afirka, ga maƙwabtansa Ras da Timesgida waɗanda su ma sun haura mita 4,000. Don ka auna abin da kyau, Alhaji, Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne, wato wurin da yaron zai kwana ma ya ɗara ƙololuwar ƙasarmu da kusan mita 800.

A wannan tsayi babu itatuwa, sai dutse da ƙanƙara. Akwai kwaruruka masu faɗi da gangare mai sauƙi, waɗanda matsakaicin mai wasa zai iya saukowa cikinsu lafiya, akwai kuma matsattsun kwazazzabai tsakanin bangayen dutse, inda wanda ya faɗi a kan ƙanƙara mai tauri ba zai iya tsayar da kansa ba sai ya kai ƙasa ko ya ci karo da dutse. Doron tsaunin kansa sau da yawa iska ta share shi, duwatsu sun fito, don haka mutane da dama kan cire allunan kafin ƙololuwa, su ɗaura ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi, su ƙarasa da ƙafa riƙe da gatarin ƙanƙara.

Babban abin tsoro shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, kuma a nan nake so ka ɗan yi haƙuri da ni in tsawaita. Dusar ba a rana ɗaya take taruwa ba; kowane hadari yana zuba tasa shimfiɗar, kuma tsakanin wannan hadari da wancan rana da iska da sanyin dare suna sauya fuskar wadda ke ƙasa. Wani lokaci wata shimfiɗa a ciki takan koma ƙwayoyi warwatsattsu da ba sa manne wa juna, sannan iska ta zo ta danne wata dunƙulalliya mai nauyi a kanta. Ka ɗauka an baza gero a kan gangare, aka kwantar da faffaɗan katako a kansa: katakon yana nan zaune ƙalau har sai wani ya taka shi. Haka fallen dusar yake tsagewa daga sama, faɗinsa wani lokaci ya kai ɗaruruwan mitoci, ya tafi da mutum cikin gudun da kan wuce kilomita 100 a awa. Idan ya tsaya a ƙasa sai ya danƙare ya yi tauri, wanda aka binne ba ya iya motsa ko hannunsa.

Abin yana da ƙa'idoji da aka sani. Mafi yawan irin wannan zaftarewa tana faruwa ne a gangaren da karkacewarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, kuma abin takaicin shi ne nan ne wasan ya fi daɗi ga gwanaye. Ƙasa da digiri 30 dusar ba ta cika gangarowa ba, in dai babu wani gangare mai tsauri a saman mutum. Masu nazarin haɗurra a Turai da Amurka sun gano cewa a kusan 9 cikin 10 na haɗurran da suka ci rai, wanda abin ya shafa ko wani a ayarinsa ne ya tayar da zaftarewar da nauyin jikinsa. Wannan ya nuna cewa zaɓin hanya da lokaci ne ke raba mai komawa gida da wanda bai koma ba. Alamomin ma a fili suke ga wanda aka koya wa: sabuwar dusa da ta kai santimita 30 cikin kwana ɗaya, iska mai ƙarfi da ta kwashe dusar ta jibge ta a bayan doron tsauni, tsaga da ke gudu daga bakin allon mutum, wani sauti mai nauyi da ake ji ƙarƙashin ƙafa lokacin da shimfiɗar ciki ta rufta, da kuma ganin inda wani gangare mai kama da wannan ya riga ya zube.

Idan an binne mutum, alƙaluman da aka tattara a Suwizalan sun nuna cewa kusan 9 cikin 10 suna rayuwa idan aka tono su cikin minti 15, amma zuwa minti 35 adadin ya faɗo zuwa kusan 3 cikin 10, domin numfashi ne ke ƙarewa. Babu jirgi mai saukar ungulu da zai iso cikin wannan ɗan lokaci, ko a tsaunukan Alps na Turai da wuya, balle a Atlas. Girgizar ƙasar ranar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe mutane kusan 3,000 a wannan yanki, ta nuna wa duniya yadda ƙauyukan suke da wuyar kaiwa idan duwatsu suka toshe hanya. Saboda haka kowane mutum a ayarin dole ya ɗaura wata ƙaramar na'ura a jikinsa, wadda ke aika sigina kuma take iya nemo siginar wanda aka binne, ya riƙe doguwar sandar lalube mai naɗewa, da shebur na ƙarfe. Mallakar kayan ba ta wadatar ba, sai an yi atisaye da su har hannu ya saba.

Ga ra'ayina, Alhaji, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya yi 'yan kwanaki yana koyo a fili bai kai ya sauko daga Tubkal ko daga matsattsun kwazazzaban nan a watan Fabrairu ba. Amma ban ga dalilin toshe masa ƙofar gaba ɗaya ba, domin yaron da aka hana ba tare da bayani ba yana iya tafiya ba tare da shiri ba. Ka kira shi ka tambaye shi wane ne jagoransu. Tun ƙarshen 2018 hukumomin Maroko ba sa barin baƙi su hau Tubkal sai da jagora mai lasisi, amma lasisin raka masu tafiya da ƙafa daban, sanin dusar ƙanƙara daban, don haka ya tabbatar jagoran yana wasan da kansa kuma ya san karanta gangare. Ka tambaye shi ko kowa yana da kayan ceton nan uku, ko za su kwana ɗaya suna atisaye kafin su hau, da kuma wanda za a bar wa sunan hanyarsu da lokacin dawowarsu. Ka kuma tambaye shi abin da suka shirya yi idan suka wayi gari an zuba sabuwar dusa. Idan ya ce za su zauna a masauki ko su tsaya a gangare mai sauƙi, ka sa masa albarka ya je. Idan ya ce ai sun riga sun biya kuɗi dole su hau, to ayarin nan ba na bi ba ne.

Tambaya: Malam, na ga mutane a bidiyo suna hawa tudu da allunan zamiya a ƙafarsu. Yaya ba sa zamewa baya? Daga wani ɗalibin sakandare a Kofar Doka.

Amsa: Ɗana, sirrin yana ƙarƙashin allon. Kafin a fara hawa ana manna masa wani dogon ƙyalle mai gashi, wanda gashinsa duk ya kwanta yana fuskantar baya. Idan mutum ya ja ƙafarsa gaba gashin ya kwanta allon ya sulale, idan kuma allon ya nemi komawa baya sai gashin ya miƙe ya kama dusar. A da fatar wata dabbar teku ake amfani da ita, yau kuma gashin akuyar Angora ne ko nailan ko haɗinsu, kuma a tsaunukan Altai na arewa maso yammacin Sin har yanzu akwai masu lulluɓe allunan katako da fatar doki. Maɗaurin takalmin ma na musamman ne: lokacin hawa yatsun ƙafa kaɗai yake riƙewa, diddige yana ɗagawa, kuma ba a miƙe ake fuskantar tudun ba, ana karkata dama da hagu ne. Mai ƙarfi yana hawa mita 300 zuwa 400 a awa. Idan an kai sama sai a ɓare ƙyallen a naɗe shi cikin jaka, a kulle diddige, a sauko cikin mintoci daga inda aka sha awoyi ana hawa.

Tambaya: Malam, ina nazarin labarin ƙasa a jami'a. Na karanta cewa a tsauni ɗaya, a rana ɗaya, wani ɓangare yana da dusa mai laushi wani kuma ƙanƙara mai tauri. Me ke kawo haka, kuma me ya sa Maroko take samun dusar ƙanƙara alhali tana bakin Sahara? Daga wata ɗaliba a Samaru.

Amsa: Malama, bari in fara da ta biyun domin ta fi sauƙi. A matsakaici zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Marakesh ba ta kai mita 500 ba, Tubkal ya haura 4,100, wato bambancin ya kai digiri 24. Ranar da ma'auni ya nuna 18 a cikin birni, a ƙololuwa yana ƙasa da sifiri da kusan digiri 6, ban da abin da iska ke ƙarawa. Sannan yankin yana kan layi na 31 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, Zariya kuma tana kan na 11, don haka sun fi mu sanyin hunturu, kuma ruwansu a lokacin sanyi yake zuwa daga tekun Atlantika, namu kuwa da damina yake sauka, hunturunmu busasshe ne.

Bambancin da ke tsakanin ɓangarorin tsauni kuwa rana ce da iska ke kawo shi. A lokacin sanyi rana tana bi ta kudancin sama, saboda haka gangaren da ke kallon arewa yakan wuni cikin inuwa, dusarsa ta daɗe a bushe da laushi, amma raunanan shimfiɗun da ke cikinta ma su daɗe ba su warke ba. Gangaren da ke kallon kudu kuwa yana narkewa da rana ya daskare da dare, kuma tun da ranar Atlas ta fi ta Alps ƙarfi, wannan sauyi yana zuwa da wuri. Tsakanin biyun akwai yanayin da masu wasan suka fi ƙi, wato ɓawon ƙanƙara a sama da dusa mai laushi a ƙasa, wanda yake riƙe mutum taku biyu, a na uku ya karye ya kama allon, kuma a nan gwiwoyi da yawa suke gurɗewa. Iska kuma tana kwashe dusar daga fuskar da take bugawa ta tara ta a ɗaya fuskar, har ta gina wani leɓe da ke rataye a bakin doron tsauni, wanda mai tafiya a sama ba ya gane cewa babu dutse a ƙarƙashinsa.

A watannin Maris da Afrilu lissafin yana komawa na agogo, kuma a ganina wannan ne lokacin da ya fi dacewa da wanda bai ƙware ba. Idan sama ta kwana garau dusar takan daskare ta yi tauri, sai a fito da zarar an idar da sallar Asuba a hau a kanta. Rana tana fara taɓa gangaren gabas, sannan na kudu, sannan na yamma, kuma a kowane akwai ɗan lokacin da saman dusar ya yi laushi na 'yan santimitoci alhali ƙasanta yana da ƙarfi. Wannan shi ake nema. Idan aka makara har takalmi ya fara nutsewa ya wuce idon sawu a jiƙaƙƙiyar dusa, ruwa ya ratsa ta, kuma tana iya gangarowa gaba ɗaya. Daren da gajimare ya rufe sama dusar ba ta daskarewa sosai, washegari gogaggen jagora zai taƙaita tafiyar ko ya soke ta. Ƙurar Sahara ma, irin wadda muka sani da hunturu, idan ta sauka a kan dusar takan rage mata fari, sai ta ƙara shan zafin rana ta narke da sauri.

Tun da ke ɗalibar labarin ƙasa ce, ki lura da cewa dusar nan rumbun ruwa ce ga manoman da ke ƙasa, domin narkewarta ce ke ciyar da koguna irin su Tensift da Dara. Shekarun fari da suka jera wa Maroko sun rage ta ƙwarai, har wasu shekarun sai an saɓa allunan a kafaɗa an yi doguwar tafiya kafin a taka ta, kuma farin nan ne ya rage dabbobi har Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da layya a 2025.

Tambaya: Malam, ni jinina AS ne, kuma an gayyace ni irin wannan tafiya. Lafiyata ƙalau, ina motsa jiki. Akwai abin damuwa? Daga wata mai karatu a Sabon Gari.

Amsa: 'Yar'uwa, na ji daɗin wannan tambaya, domin kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da wannan jini, kuma ba lallai ne jagoran da zai kai ki ya tambaye ki ba. A tsayin mita 4,000 iskar oksijin da ke shiga jiki a kowane numfashi kimanin kashi 60 cikin 100 ce ta wadda ake samu a bakin teku. Mai AS yakan rayu ba tare da matsala ba, amma likitoci sun tabbatar cewa ƙarancin oksijin a kan tsauni, musamman idan ya haɗu da aikin ƙarfi da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki, yana iya toshe jinin da ke zuwa saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya kai kafaɗar hagu. Wanda ya ji haka ya daina hawa, a sauko da shi, a nemi asibiti, kuma a faɗa wa likita nau'in jininsa tun da farko. Ba na ce an haramta miki tafiyar ba, amma kada ki sayi tikiti kafin ki ga likitan jini, kuma ga asibitin koyarwa nan a Shika. Mai SS ko SC kuwa shawarata ita ce ya haƙura da irin wannan tsayi.

Ko mai AA bai tsira daga ciwon tsauni ba, wanda kan fara daga mita 2,500 da ciwon kai, tashin zuciya, jiri da rashin barci, kuma ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi. Ƙa'idar likitoci ita ce idan an wuce mita 3,000 kada a ƙara fiye da mita 500 a tsayin wurin kwana cikin dare ɗaya. Tafiya daga Imlil zuwa masauki tana ɗaga mutum sama da mita 1,400 a wuni guda, don haka ki nemi a kwana a Imlil tukuna, a kuma ware rana mai sauƙi bayan isa masauki. Idan wani ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne.

Ki kula da yatsu, hanci da kunnuwa. A baƙar fata cin sanyi ba ya nuna ja yadda littattafan Turawa ke kwatantawa. Wurin zai mutu ne ba ki jin sa, ya yi tauri, launinsa ya koma toka-toka. Kada a murza shi, kada a kara shi a wuta, a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba. Kada ki sa auduga a jikin fata, domin tana riƙe gumi ta sanyaya jiki da zarar an tsaya. Ulu ko yadin roba ya fi. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, kuma duhun fata ba ya kare ido, saboda haka baƙin tabarau mai rufe gefe wajibi ne ko da sama ta yi gajimare. A 'yan shekarun nan watan azumi yana faɗowa cikin lokacin wannan wasa, kuma ga mai irin jininki rashin shan ruwa a kan tsauni haɗari ne na gaske, don haka ki duba kalanda ki sa tafiyar a wajen Ramadan.